Foman: Na Gaba Idon Na Baya

A wurin gini kowa da kayan aikin da ake gane shi da su. Birkila na riƙe da cokali da igiya, kafinta da guduma da zarto, mai ɗaurin rodi da waya da ƙugiya, lebura kuwa shebur da kwano. Mutum ɗaya za ka gani yana zagaye babu komai a hannunsa sai ɗan littafi da ma'auni, amma sunansa ya fi na kowa yawo a baki tun daga safe har tashi. Yashi ya ƙare, foman. Motar ruwa ba ta iso ba, foman. Bango ya karkace, kuɗin yini bai cika ba, wani ya taka ƙusa, duka dai foman. Mafi yawan ƙarfina na ƙarar da shi ne ina amsa wannan suna a Kano da Kaduna da Abuja. Yanzu da gwiwa ta fara ƙin hawa tsani, ina ganin haƙƙi ne a kaina in faɗa wa masu tasowa abin da na taras a cikinsa.

Da kwaɓi na fara, kamar kusan kowa. Ina gama firamare mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin wani magini abokinsa, ya ce, "Malam, ga amana nan." Na ɗauki kwano har gashin tsakiyar kaina ya zube, siminti ya cinye mini tafin hannu, sannan ubangidana ya yarda na taɓa cokali. Da na iya jera bulo da filasta, shi ne ya matsa mini na shiga ajin yamma a makarantar koyon sana'a, domin a cewarsa maginin da bai iya karanta zane ba zai tsufa ne yana jiran a nuna masa inda zai sa igiya. Ba zan ɓoye ba, tun ina ɗaukar kwano nake kwaɗayin sunan foman. Ina hango shi da farar hular kwano, yana tsaye a inuwa da injiniya, yana nuni da yatsa, sai in ce a raina wannan ya huta.

Malamin da ke koya mana karatun zane shi ya fara warware mana kalmar. Ya rubuta "foreman" a allo, ya ce gaɓa biyu ce a Turanci, ta farko gaba, ta biyu mutum. Wato na gaba a cikin ma'aikata, wanda daga cikinsu ya fito, ya san aikin da hannunsa. Ya ƙara da cewa a kotunan Ingila da Amurka, inda ake zaɓo mutum 12 daga cikin jama'a su saurari shari'a, wanda ke miƙewa daga cikinsu ya shaida wa alƙali matsayarsu shi ma haka ake kiransa, alhali ƙuri'arsa ɗaya ce kamar ta kowa. Ita kuwa "boss" da samari suka ɗauka yanzu suna kiran kowa da ita, daga Holanci ta shiga Turanci ta birnin New York, wanda mutanen Holan suka kafa, kuma Amurkawa sun rungume ta ne domin ma'aikacin da yake ɗa ba ya son kiran kowa da sunan da bawa ke kiran ubangijinsa.

Mu a nan, waɗannan sunaye sun iso mana ne tare da aikin Bature. Layin dogo ya shigo Kano a 1911, kamfanonin haƙar kuza suka cika Jos da Bukuru, hukumar ayyuka ta kama gina hanyoyi da gadoji da barikoki. A bakin leburorin wancan zamani foman ya zauna, obasiya ya zauna, "headman" ya koma heluma. Oga kuma daga Yarbanci ya hauro. Kakana ya yi aikin kuza. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta ƙwace Malaya mai arzikin kuza daga hannun Ingila, gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa kwasar dubban talakawan Arewa ta hannun hakimai da dagatai ana kai su ramukan kuza aikin tilas, daga 1942 zuwa 1944. Sanyin tsaunin Jos da cuta da yunwa sun ci rayuka da yawa. Abin da ya fi tsaya wa kakana a rai har ya rasu shi ne heluma, domin Bature yana nesa, shi kuwa heluma Bahaushe ne ɗan'uwansu, shi ke riƙe da sunaye, shi ke raba kuɗi da awo, shi ke yankar nasa kafin na kowa ya isa hannunsa. Ranar da na je wa mahaifiyata da albishir an ba ni foman, ta yi mini addu'a, sannan ta ce, "Ka dai tuna abin da kakanka ke faɗa a kan heluma." Ashe rashin yardar da lebura ke yi wa na gabansa gado ne, kuma duk wanda aka ba sunan da shi zai fara kokawa.

Abu na farko da ya same ni kaɗaici ne. Kafin a naɗa ni, idan azahar ta yi mukan haɗa kuɗi mu sayi garau-garau a kwano ɗaya, mu zauna kan bulo ana ci ana zagin ɗan kwangila. Washegarin naɗina na nufi inda muka saba zama, ina isa hira ta mutu. Aka matsa mini wuri, aka ce, "Bismillah, oga." Mutumin da muka kwana ɗaki ɗaya shekara da shekaru shi ya fara ce mini oga, kuma ban taɓa jin kalma mai sanyi kamarta ba. A ofis kuma ba a ɗauke ni nasu ba. Idan ana taron aiki injiniya da akawu da ɗan kwangila suna zaune, ni ina tsaye bakin ƙofa da hula a hannu, a tambaye ni, in ba da amsa, a sallame ni. Na sha komawa gida da dare ina jin da ma an bar ni da cokalina.

Daga baya na karanta cewa wannan tsaka mai wuya ba ni kaɗai ta sama ba. A Amurka, a 1941, masu riƙe da muƙamin foman a masana'antar motoci ta Ford da ke yankin Detroit sun kafa ƙungiyarsu ta kansu, domin ƙungiyar ma'aikata na kallonsu a matsayin idon kamfani, kamfani kuma na iya korarsu duk ranar da ya so. A 1947 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta cire masu sa ido a kan ma'aikata daga kariyar da ake ba 'yan ƙwadago, ƙungiyar foman ɗin ta yi ta ja da baya har ta mutu. Ganin haka ya sa na daina ɗaukar abin a matsayin ƙiyayyar mutane gare ni. Haka kujerar take. Babba juji ne, na sama ya zuba, na ƙasa ya zuba. Da sannu na gane yaren wurin: lebura idan ya ce maka oga, akwai abin da yake nema ko yake tsoro, idan ya ce foman, maganar aiki ce, ranar da ya ja ka gefe ya ce Yaya ko Baba, ya faɗa maka matarsa na asibiti, to ya yarda da kai. Wannan na ƙarshe ba a naɗa mutum shi, kuma yakan ɗauki shekaru.

Ba da umarni ga wanda ya haife ka shi ne gwaji na biyu. Akwai wani dattijo a cikin 'yan kwaɓi, kowa Baba yake ce masa, ya girmi mahaifina. Al'adarsa ya cika ruwa a kankare domin ya yi saurin gangarawa, masu ɗauka su ji sauƙi. Ni kuwa na san ruwan da ya wuce kima shi ke kashe ƙarfin kankare, domin idan ya bushe yakan bar ƙananan ramuka a ciki. Na same shi na ce, "Baba, ruwan nan ya yi yawa." Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ɗana, tun ba a haife ka ba nake kwaɓi." Yara suka tsaya da kwanuka a ka suna jiran su ga yadda za ta kaya. Na ji zuciyata ta taso, na kuma ji kunyar furfurarsa. Na ce a dakata da zubi a je a sha ruwa. Da wuri ya watse na roƙe shi mu yi abu ɗaya: ya kwaɓa nasa yadda ya saba, in kwaɓa nawa, mu zuba kowanne a ɗan akwatin katako mu ajiye a bayan sito. A ranar dai da ma'aunina aka yi zubi, ya yi aikin fuskarsa a ɗaure. Bayan mako guda na miƙa masa guduma, babu kowa sai ni da shi. Nasa bugu biyu ya dare, nawa sai da ya yi gumi. Ya juya gutsuren a hannunsa, ya murza shi da babban yatsa, ya ce, "Gani ya kori ji." Daga ranar babu mai ƙara ko gwangwani ɗaya na ruwa Baba yana wurin. Abin da na riƙe shi ne, ba a tsinka babba a gaban yara, ba a kuma sayar da ingancin aiki domin kunya. Duka biyun suna yiwuwa idan mutum ya yi haƙurin neman hanya.

Sai littafin suna, wanda a cikinsa mutuncin foman yake. Hanyoyin ci a nan ba su da iyaka, kuma kowa ya san su: a rubuta mutum 30 alhali 25 suka yi aiki, a yanki kuɗin goro daga yinin kowane lebura, a ce wanda ya ƙi bayarwa gobe babu gurbinsa. Yawancin waɗanda ake yi wa haka 'yan ci-rani ne da suka baro ƙauye bayan girbi, suna kwana a kangon ginin kan buhun siminti, suna tara abin da za su koma da shi kafin damina. Ba su da bakin magana, amma suna lissafi, kuma ba sa mantawa. Ni dokar da na ɗora wa kaina ita ce biya a fili. Da an tashi in zauna kan baro, in kira suna da ƙarfi, mutum ya karɓa ya ƙirga a gaban kowa, ya sa hannu ko ya dangwala. Ranar da ɗan kwangila ya yi jinkirin kawo kuɗi ba na tafiya gida, tare muke zama mu jira shi, ko da za a kai isha'i. Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa haƙƙin ɗan ƙwadago ba a kwana da shi, kuma ban ga wanda ya ci gumin lebura ya gama lafiya ba.

Haka idan tsautsayi ya faɗa. Tun 2010 akwai dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, wadda ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF. A ƙananan wuraren gini da na yi aiki ban cika jin an ambace ta ba. Wanda ya faɗo daga dandamali, foman ne ke tare mota, shi ke tsayawa a asibiti, shi ke zuwa ya gaya wa iyali. Wannan ya sa na zama mai tsanani a kan abin da yara ke gani ƙarami: katakon dandamali da ya tsage, ƙusar da aka bari a tsaye, hawa sama da silifas. Sun sha yi mini gunaguni, na gwammace gunaguninsu da kukan uwayensu.

Gwajin da ya fi girgiza ni ya zo ne a wani gini mai hawa biyu da aka ce ɗakunan kwanan ɗalibai za a yi. Mun gama kafa katako da tokarar gora, masu rodi sun shimfiɗa, saura zuba dekin. Da yamma ɗan kwangilar ya kira ni cikin motarsa, ya rufe gilashi. Ya ce a bene na gaba a sa rodi mai milimita 10 a inda zane ya ce 12, a buɗa tazara, sannan siminti a rage kashi ɗaya cikin huɗu tun daga zubin gobe. Na ce, "Yallaɓai, zane ya ce ɗaya, biyu, huɗu." Wato kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Ya yi murmushi ya ce, "Foman, wa zai fasa dekin ya ƙirga siminti? Akwai naka a ciki." Ya faɗi adadin.

A lokacin kuɗin haya ya cika, mai gida ya aiko sau ba adadi, matata na da tsohon ciki, ƙanena na jiran kuɗin makaranta. Kafin ya rufe baki zuciyata ta gama raba kuɗin, kuma sun isa har da ragowa. Wannan ita ce gaskiyar da ban taɓa faɗa wa yarana ba sai yau. A daren ban runtsa ba. Shaiɗan ya kawo mini hujjoji masu kyau: ba ni ne mai kwangila ba, umarni aka ba ni, gine-gine nawa aka yi haka suna tsaye. Amma ni na san abin da ɗan kwangilar bai damu ya sani ba. Na san kankare ba ya nuna aibinsa ranar zubi, sai an cire tokara, sai an ɗora bulo, sai yara sun cika ɗaki. Na kuma san a duk faɗin wurin ni ne zan tsaya kan injin kwaɓi ina ƙirga buhu. Idan na kau da kai babu wani ido kuma.

Da asuba na kira injiniyan da sunansa ke kan zanen. Ya zo kafin a kunna inji, ya hau ya auna tazarar rodi, ya duba 'yan duwatsun da ake sawa a ƙarƙashinsa domin kankare ya lulluɓe shi kada ya yi tsatsa, ya ƙirga simintin da ke sito, ya ce ba za a zuba ba sai an cika. Ya tsaya har aka gama, ya sa aka ɗebi kankaren a akwatunan gwaji domin a murƙushe su a kwana 7 da kwana 28, lokacin da ake auna cikar ƙarfinsa. Ƙarshen wata aka sallame ni, aka ce aiki ya ragu. Na koma bakin titi da cokalina ina jiran mai neman birkila na yini, ni da na saba kiran suna. Wasu 'yan'uwa suka ce taurin kai ne, wani ya ce mini gaskiya ba ta biyan haya. Babu wanda ya zo ya yaba mini, ban kuma yi arziki sanadiyyar abin ba. An yi sunan ɗiyata da rancen rago. Amma matata ta ce mini, "Maigida, gara mu sha kunu mu yi barci." Har yau idan na bi ta gaban ginin na ga shanyar ɗalibai a bene, ba na sauya hanya.

Akwai kuma iyakar da dole foman ya sani. Daɗewa a aiki na sa mutum ya iya abubuwa da yawa da ido, amma lissafin nauyin da ginshiƙi zai ɗauka da irin ƙasar da za ta riƙe harsashi ilimi ne na daban. Shi ya sa aka kafa hukumar COREN a 1970 domin rajistar injiniyoyi, da CORBON a 1989 domin ƙwararrun magina. Masu gini da yawa suna neman foman ne domin su guje wa biyan injiniya. An sha ce mini, "Kai ma ai injiniya ne, ɗora mana hawa ɗaya a kai." Kalmar na da daɗi a kunne, kuma ta halaka mutane. Amsata kullum ita ce a kawo zane mai sa hannu. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ta Legas ya rufta, fiye da mutum 40 suka mutu, akasarinsu ma'aikata. A watan Yulin 2024 ginin wata makaranta ya faɗo a Jos ana tsakiyar karatu, rai 22 suka salwanta. Duk lokacin da na ji irin wannan labari ba na iya cin abinci, domin na san kowane gini akwai ranar da aka zuba shi, kuma akwai waɗanda suka tsaya a wurin suna gani.

Hausawa sun ce na gaba idon na baya, kuma na bayan foman suna da yawa: leburan da ke bin umarninsa ya hau sama, mai ginin da ya tara kuɗinsa shekara da shekaru, da mutanen da ba a ma haifa ba waɗanda za su kwana ƙarƙashin rufin. Saboda haka, ɗana da aka miƙa wa farar hula, kada ka karɓe ta sai ka iya karanta zane, kuma kada ka ajiye cokalinka nesa, domin ranar da za ka ce a'a tana zuwa, kuma sana'ar hannunka ce za ta ba ka ƙarfin faɗarta. Ka biya mutane a fili, ka girmama furfura, ka rubuta duk umarnin da ya saɓa wa zane ka nemi mai shi ya sa hannu. Ku kuma masu gini da 'yan kwangila, ku ji tsoron Allah, ku biya injiniya haƙƙinsa, ku bar foman ya yi aikin da kuka ɗauke shi dominsa. Idan kun sami wanda ya iya duban idonku ya ce siminti bai isa ba, ku riƙe shi da kyau, domin dukiyarku da rayukan mutane yake tsare muku.